Babur Ɗin Amarya

Ranar da aka zauna shari'ar babur ɗina, hannuwana duk gari ne, ko damar nuna mutum da yatsa ban samu ba.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan, sunana Lesia Boychuk. Shekarata ashirin da bakwai, a Dauphin aka haife ni, a nan kuma nake aikin wanke haƙoran jama'a a wani ƙaramin asibiti. Watan Oktoba za a ɗaura mini aure da Nolan Reimer, mai auna danshin alkama a rumbun hatsi na bayan gari. Mutumin kirki ne. Ina roƙonku kada ku ji abin da zan faɗa ku tsane shi. Ni na gwada, kwana huɗu kawai na iya.

Safiyar Asabar ce, tsakiyar Yuli. Mama ta samu hutu daga asibitin da take aikin jinya, ta ƙara wa teburin kicin tsawo, ta shimfiɗa tsohuwar ledarta mai zanen lemo, muka zauna naɗin perogin biki. Dozin tamanin aka yanke za a yi a zuba a firiza. Mama na murza ƙullin fulawa, ƙanwarta Chocha Stefka na yanka shi da bakin kofi, ni da Frieda, mahaifiyar Nolan, muna cusa dankali da cuku muna matse baki. Albasa na soyuwa a man shanu, tagogi duk a buɗe. Frieda ta zo da rigarta mai ƙananan furanni, an goge ta har tana iya tsayuwa ita kaɗai, kuma ko ɗigon gari bai taɓa ta ba. Ni kuwa har a gira.

Maganar soshiyal ake yi. Al'adarmu ce kafin biki a kama zauren gari, a sayar da tikiti dala goma-goma, a yi rawa, a ci burodi da nama mai tafarnuwa, sannan a zaro lambobin tikiti a raba kyaututtuka. Abin da ya saura ango da amarya su yi hidimar biki da shi. Armashin abin duk yana ga babbar kyauta. In talabijin ce, dangi ne kawai za su zo don kunya. In abin a-zo-a-gani ne, har daga Winnipeg sai an yi tattaki.

"Ni dai wani tunani na yi," in ji Frieda, idonta a kan perogin hannunta. "Tunda ga babur a gareji."

"Wane babur?" na ce, kamar akwai wani.

"Naki mana, Lesia. A sa shi babbar kyauta. Tikiti ɗari biyar sati biyu ya yi musu yawa."

"Wannan dabara ce," in ji Chocha Stefka, da saurin da ya kamata ya sa in yi tunani. Ruwa ba ya tsami banza, amma a lokacin hankalina bai kai can ba.

Na gyara zama na fito da makamaina. "Ai babur ɗin rage mini kuɗin mai yake yi."

"Zuwa ina?" Chocha ta ajiye kofin. "Daga ƙofar ɗakinki zuwa wurin aikinki ko shayi ba ya hucewa a hannu. Da ƙafa kike zuwa, ina ganinki ta tagar shago."

"Kuma ba ya faɗuwa a kasuwa. In na ga dama gobe in sayar..."

"To ga gobe ta zo."

Mama ba ta ɗago ba, murza kawai take yi. "Wata nawa kike hawansa a shekara?"

"Shida."

"Biyar," in ji Chocha. "Bana har goma ga Mayu ƙanƙara ta zuba, a gabana kika mayar da shi ciki kina tsaki."

"Wata bakwai yana kwance a garejina," Mama ta ce, "an lulluɓe shi da bargo, an jona masa waya a batir kamar majinyaci. Motata tana waje, ina kankare mata ƙanƙara da asuba. Ita kuwa inshora ba ruwanta da sanyi, ta shekara take karɓa. Dala dubu bakwai da ɗari biyar kika zuba a kansa, ban ce komai ba."

Ta ce, jama'a. Wata uku tana cewa.

"Ga taya, ga mai gyara, ga wannan rigar da ta fi rigar amarcinki tsada," ta ci gaba. "Yanzu gida za ku kama. Mai ɗab'in tikiti yana jira zuwa Juma'a. Ki yi tunani, doniu."

Idan Mama ta kira ni doniu, wato 'yata, da wannan muryar, to magana ta ƙare ne, tunanin da ake ce mini in yi na ado ne. Na matse wani perogi da ƙarfi har dankalin ya fito ta gefe. Frieda ta karɓe shi a hannuna ta gyara.

Na shige banɗaki, na wanke hannu, na rubuta wa Nolan.

"Ka san abin da mahaifiyarka ta ce yanzu?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Na ji ƙishin-ƙishin."

"Kai me ka ce?"

"Duk abin da kika yanke, Les."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Sai ya turo mini hoton zuciya. Na daɗe ina kallonta. Sannan na rubuta: "Gobe bayan coci ka same ni a garejin Mama. Wando mai kauri, takalmi mai rufe idon sawu."

"Don me?"

"Gani ya kori ji."

Bari in gaya muku gaskiya, tunda ku ba ku zaune a teburin nan. Duk abin da suka faɗa haka yake. Shekara uku ke nan da na sayi babur ɗin, kore ne mai duhu, na hannu, daga wurin wani dattijo a Gilbert Plains da gwiwa ta hana shi hawa. Ranar da na je ɗauka sai da ya shafa tankin sau biyu kafin ya ba ni makulli. Tun daga nan, duk shekara idan takardar inshora ta zo, nakan zauna in yi wa kaina wa'azi. Ba na shan taba. Ba na zuwa Mexico shan rana kamar 'yan wurin aikinmu. Wayata shekararta biyar, fuskarta a tsage. Saboda haka na cancanta. Haka nake lallaɓa kaina in biya, in naɗe takardar in tura ta ƙarƙashin tawul a durowa don kada in sake ganinta. Duk gaskiya ne, amma babu ɗaya a ciki da ya sa nake hawa.

Dalilin ba ya faɗuwa a gaban kwanon dankali. Ni daga ƙarfe takwas zuwa biyar fuskata a rufe take, ina sunkuye, ina leƙa wurin da bai fi bakin kofi faɗi ba. Duniyata ke nan kwana biyar a mako. Amma in na hau babur na fita bayan gari, sai sama ta buɗe ta ko'ina har in ji na zama 'yar mitsitsiya, kuma in ji daɗin hakan. Addu'ar da ban shirya ba ita ke fitowa a cikin hular kwano. Na fi tuna Allah a kan hanyar nan fiye da a kan bencin coci, Fada ya yafe mini. To ku gaya mini, ta yaya zan faɗi wannan ga Chocha Stefka, wadda ke wanke ledar burodi ta shanya?

Lahadi ƙarfe ɗaya Nolan ya iso a a-kori-kurarsa, ya yi fakin daidai da layi kamar za a ba shi maki. Shekara biyu muna tare bai taɓa hawa bayana ba. Hular kwano ta biyu da na saya dominsa tana rataye a ƙusa, har gizo-gizo ya yi gida a ciki. Na karkaɗe ta, na ba shi tsohuwar rigar fata ta Tato, mahaifina, wanda ke can kan hanyar Alberta da babbar motarsa. Ni na sa baƙar rigata mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu, na cusa kitsona a ciki, na ɗaure takalmi.

"Dokoki uku ne," na ce. "In na kwanta a kwana ka kwanta tare da ni, kada ka yi gardama da hanya. Kada ka sauke ƙafa. In ka ji tsoro ka matse ni."

"In 'yan rumbu suka gan ni a bayanki fa?"

"Sai ka ɗaga musu hannu."

Tun kafin mu fita layinmu ya matse ni har sai da na ce masa ina bukatar haƙarƙarina.

Muka ɗauki hanyar kudu, wadda ke hawa dutse. Gidajen ƙarshe suka wuce, sai gonakin kanola, shukar da ake tatsar man girki daga ƙwayarta, duk ta yi fure. Ku da kuka taɓa ganinsu a Yuli ta gilashin mota, ku yi haƙuri, ba ku gansu ba. Rawaya ce hagu da dama har inda ido ya gaji, haskenta yana tasowa daga ƙasa ya bugi haɓarka, ƙamshinta mai nauyi, rabi zuma rabi kabeji, yana shigowa ta ƙarƙashin hula. Inuwar gajimare ɗaya ta taho a guje ta kan gonaki, ta hau mu, ta wuce. Na ji hannun Nolan ya ɗan saki.

A gindin dutsen akwai wani ɗan kwari inda rafi ke bi ta ƙarƙashin hanya. Iskar wurin sanyi ce ko da rana ta take. Muka faɗa cikinta, muka fito, sai na ji ya yi wata 'yar ƙara a bayana. Daga nan hanya ta fara hawa, daji ya rufe mu, ƙamshi ya koma na ɗanyen katako da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kwana ta farko ya ƙage kamar buhun siminti. Ta biyu ya ɗan biyo ni. Ta uku muka kwanta tare, babur ɗin ya bi ta kamar mutum ɗaya ne a kai. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan kwanar na ƙara son sa.

Na tsaya a wurin da ake tsayawa kallo, na kashe inji. Shirun ya sauko mana gaba ɗaya, sai ƙarfen injin da ke ƙas-ƙas yana hucewa.

Nolan ya sauka. Ya cire hula, gashinsa ya manne a goshi. Ya juya arewa, inda muka fito.

Duk ƙasarmu ce shimfiɗe a ƙasa. Rawaya, kore, rawaya, har gefen duniya. Garinmu da duk surutunsa bai fi tafin hannu ba, rumbun da yake aiki kuwa sai da ya nema kafin ya gano shi. Can gabas ruwan sama na tafiya shi kaɗai a tsaye, yana jan inuwarsa, ko'ina kuma rana. A samanmu wasu kwasakwasai, sun kai talatin, suna kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba. In suka juya gefe sai su ɓace ɗungum, sama ta zama wayam, in suka sake juyowa sai su bayyana farare fat a lokaci guda. Na sha ganin wannan, amma har yau tsigar jikina tashi take yi.

"Tun ina cikin zanen goyo ake bi da ni ta hanyar nan," ya ce a hankali. "Ban san tana da ƙamshi ba."

"Uhm."

"Akwai wurin da muka shiga sanyi muka fito. Kamar ɗaki."

"Rafi ne a ƙasa."

"Kullum yana nan?"

"Kullum."

Ya sake ɗaga kai. Tsuntsayen suka ɓace, suka dawo. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina shi ke nan, na samu lauya. Har na fara tsara yadda za mu shiga kicin ɗin Mama tare.

Sai ya sa hannu a aljihun wandonsa ya ciro walat, ya zaro wata 'yar takarda mai ruwan madara ya miƙo mini.

Sunana da nasa ne a sama, da ranar soshiyal, da sunan zaure. A ƙasa, da manyan baƙaƙe: BABBAR KYAUTA, BABUR. Har da hotonsa, wanda ni na ɗauka da hannuna bara a bakin tafki na tura masa.

"Mene ne wannan?"

"Ba tunanin mahaifiyata ba ne, Les. Nawa ne."

"An ce mai ɗab'i yana jira zuwa Juma'a."

"An buga tun sati biyu." Ya mayar da walat ɗin aljihu. "Na sayar da ɗari da talatin da shida. A rumbu, da coci, da wurin 'yan wasanmu. Na ɗauka in suka yi miki magana su uku za ki yarda, sai ya zama kamar daga baya aka buga."

Su uku. Wato har da Mama. Ina zaune ina kare kaina da kuɗin mai, ashe bakin alƙalami ya riga ya bushe, kowa a teburin ya sani sai mai babur.

"Me ya sa?"

"Duk ranar da kika fita, ina rumbu ina kallon waya. In motar asibiti ta wuce sai in kasa karanta ma'auni." Ya share fuska da hannun rigar Tato. "Na kasa ce miki tsoro nake ji. Maganar kuɗi ta fi sauƙi."

Na so in yi ihu, amma wurin ya fi ƙarfin ihu. Na naɗe tikitin na sa a aljihu. Na ce, "Sa hularka."

Har muka iso gida bai matse ni ba, ƙarfen bayan kujera ya riƙe. A bakin gareji ya rataye hular a ƙusarta, ya tsaya yana murza makullin motarsa.

"Zan karɓo su," ya ce.

"Ɗari da talatin da shida? A garin nan? Kafin ka kai gida na biyar za a ce an fasa auren."

"Na sani."

"Tsuntsun da ya ja ruwa," na ce, na shige ban ƙarasa ba.

Ya kamata ku san wane ne Nolan kafin ku gane abin da ya biyo baya. Mutum ne da in aka kawo masa abincin da bai ce ba a gidan abinci, zai cinye ya yi godiya, don kada ya ba mai kawowa kunya. A taro bayan ginshiƙi yake zama. Wannan mutumin ne ranar Litinin bayan an tashi aiki ya ɗauki ambulan da 'yan dala goma-goma, ya fara bin gidaje.

Ban kira shi ba, ban amsa saƙonsa ba. Amma labari ya riƙa iso ni har kan kujerar aiki. Ranar Talata wata dattijuwa, bakinta a buɗe, auduga a kunci, ta kama hannuna ta ce wani abu. Na cire mata audugar.

"An fasa ne, 'yar nan?"

"Ba a fasa ba. Buɗe bakin."

"To me ya sa yaron Reimer ke yawo yana karɓar tikiti? Ya zo gidanmu jiya, ya tsaya a ƙofa hula a hannu. Mijina ya ce masa ko amarya ce ta tsere. Ya ce a'a. Ya ce, 'Na sa abin da ba nawa ba a tikiti, ban tambayi mai shi ba.'"

Ranar Laraba wani direban motar hatsi ya faɗa mini magana iri ɗaya, kalma bayan kalma, ya ƙara da cewa a rumbu yanzu mijin-ta-ce suke kiransa, har an manna masa hoton keken yara a ƙofar ofis. Wai bai cire ba. Matar limamin cocinsu ma haka ya gaya mata, a gaban mahaifiyarsa. Frieda ta turo mini saƙo mai tsawon zani, na karanta layin farko na kife wayar.

Na yi mamakinsa, kuma har yanzu ina yi. Na san zai iya ba ni haƙuri a ɓoye, ya kawo fure, ya yi shiru har in huce. Ban san yana da ƙarfin da zai tsaya a ƙofa fiye da ɗari ya faɗi laifinsa da bakinsa ba. Fushina ya riƙa zubewa ina tare shi, don ban gama da shi ba tukuna.

Alhamis, ƙarfe biyar da 'yan mintoci, ina cire safar hannu, saƙonsa ya shigo.

"Saura ɗaya. An ƙi ba ni."

Na karya azumin magana. "Wa?"

"Mamanki."

Na same ta a lambun bayan gida tana tsinkar kokwamba, da silifas ɗin roba da tsohuwar rigar Tato mai dogon hannu. Kwano na gefenta ya kusa cika. Na riga na biya ta gareji na sa kayan hawa, don na yi niyyar in ɗauke babur ɗin daga gidanta a ranar, ko a ɗakina zan kwana da shi.

"Mama, tikitin."

"Na biya kuɗina." Ba ta juyo ba. "An ce babur, babur nake jira. Tunda guda ɗaya ya rage a duniya, ko da ido a rufe aka zaro lamba, ni ce."

"Me za ki yi da shi?"

"In kai shi gonar kawunki a haƙa rami."

"In garejin ne, zan kama wani wuri. In inshorar ce, ni nake..."

"Wa ya ce miki kuɗi?" Ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta matso ta kama kafaɗar rigata da yatsu biyu masu ƙasa. "Rigar nan na san nauyinta. Na san inda ɗinkinta ya fi tauri, nan ne, ta kafaɗa. Shekara talatin da almakashi nake cire wa 'ya'yan mutane ita."

Ta saki rigar.

"Duk ranar da aka ce ana kawo mai babur, nakan je bakin ƙofa in tsaya. In aka turo gadon, ba fuska nake fara dubawa ba. Takalmi nake duba." Ta sauke ido ƙasa. "Naki igiyarsu ja ce. Shekara uku ke nan ina neman jar igiya."

Na dubi ƙafafuna. Ni na sauya igiyar da kaina, don kwalliya, ranar da na sayi takalman. Ban taɓa sanin wani ya lura ba.

Jama'a, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Matar nan takan dawo daga irin wannan aikin ta dafa mini miya, ta yi mini faɗan taya da batir, ni kuma in tafi ina cewa ta cika son kuɗi. Makullin yana hannuna, saura kaɗan in miƙa mata. Allah ya sani saura kaɗan. Amma na san in na miƙa, zan yi murmushi a hoton biki, sannan in riƙe abin a ciki har tsufa, a kanta da kuma a kan Nolan.

"Ba ni da amsa, Mama," na ce. "Duk wadda na ba ki a baya ƙarya ce. Ta gaskiyar ba ta faɗuwa."

"Haka shi ma ya ce." Ta ɗauki kwanon ta ɗora a ƙugu. "Jiya ya zauna mini a kicin yana magana kamar wanda aka yi wa wahayi. Wai hanya tana da ƙamshi. Wai tsuntsaye suna ɓacewa. Na ce ko ka bugu a kai ne, in duba ka."

Na shiga gareji na ciro hula ta biyu daga ƙusa. Ban san me nake yi ba sai da na ga na miƙa mata. Ta dube ta yadda take duban ciwon da aka daɗe ana ɓoyewa.

"Kin san nawa na gani irin wannan a tsage?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Ta ajiye kwanon a kan matakala. Ta goge hannu a riga, a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta karɓi hular, ta juya ta, ta leƙa ciki, ta ja igiyar haɓar ta ga ƙarfinta.

"Sau ɗaya," ta ce. "Har inda kika kai shi. In na sauko ban ga abin da ya kai wannan tsoron ba, tikitina yana aiki, kuma da hannunki za ki ba ni makulli. Ba kuka, ba kai ƙara wurin Tato."

"In kin gani fa?"

"Ni ce nake biyan babur ɗin nan, doniu, ba ke ba. Gara in ga abin da nake saye."

Ta shiga ciki sauya takalmi. Ina jin ta tana buɗe durowar ƙasa, tana neman safa mai kauri.

Na turo babur ɗin bakin gareji, na sauke matakan baya, na goge kujerar da hannun riga. Na hau hanyar nan cikin ruwa, na hau ta cikin iskar da ke ture manyan motoci, ban taɓa jin ɗar ba. Amma yau da Mama ce za ta hau bayana, sau uku ina kai makulli bakin ramin ban dace ba.